Rigar kwarashi da na saƙa don zafin Legas

Duk wanda ya ji an ce mace na saƙa rigar sanyi a Legas, tambayar da zai fara yi ita ce wane sanyin. Kuma yana da gaskiya. Garin nan a bakin teku yake, iskarsa a jiƙe take rani da damina, daga Fabrairu zuwa Afrilu kuwa zafi kan haura digiri 32, ga gumin da ba ya bushewa a jiki. Hunturun da muka sani a Zariya, mai fasa leɓe da dunduniya, kafin ya iso nan a Disamba ko Janairu ƙarfinsa ya ƙare, ɗan hazo kawai yake bari ya wuce. Amma Legas tana da nata sanyin, na na'ura. Ofishin da nake aiki a Ikeja tun safe ake kunna esi har a tashi, manyan motocin BRT ma haka, asibiti da banki haka. Ki fito daga gida kina gumi, ki shiga wuri yatsunki su ƙandare, ki sake fitowa cikin rana. Sai kuma iskar yammacin Yuli da Agusta, lokacin da gari ke yini a lumshe. Ga shi yawancin ɗinkin atamfata hannunsa a gwiwar hannu ya tsaya, ni kuwa na fi son in rufe har wuyan hannu in zan fita.

Na zagaya 'yan gwanjo a Katangowa, suwaita kam ga su nan tsibi-tsibi, amma duk na ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba ne. In kika sa ɗaya daga tashar Agege zuwa Pen Cinema kin jiƙe sharkaf. Abin da nake nema riga ce mai buɗaɗɗen gaba, marar nauyi, wadda iska ke ratsawa, in naɗe ta in jefa a jaka. Da ban samu ba na ce bari in saƙa.

A lokacin iyakar abin da na iya da kwarashi shi ne sarƙa da saƙa gajera, su ma tun ina yarinya na koya na ajiye. Akwai wata dattijuwa a layinmu a Zangon Agege, mutuniyar Katsina ce amma ta fi ni daɗewa a Legas nesa ba kusa ba, ita ke saƙa wa unguwar kayan jarirai: hula, safa, riga da shawul na ranar suna. Hajiya kowa ke ce mata. Na same ta bayan la'asar na gaya mata abin da nake so, ta saurare ni har na gama, ta ce, "'Yar nan, rigar babba ba ta fi ta jariri wuya ba, tsawo kawai ta fi ta. Amma kada ki taɓa irin wannan zaren nawa." Ta miƙo min dunƙulen ulun da take aiki da shi ta ce in riƙe a tafin hannu. Kafin mu gama gaisawa da wata baƙuwa da ta shigo, tafina ya yi gumi.

Nan ne darasin farko, kuma a ganina shi ne mafi girma. Abin da muke kira ulu a kasuwanninmu yawancinsa ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne, zaren roba da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur. Yana da araha, ga laushi, ga launuka masu kyau, ba ya zuba a wanki. Amma ba ya shan ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, don haka gumi ya kan tsaya tsakanin fata da riga. Auduga ita tana tsotse gumin ta sake shi cikin iska. A Jos ko a Zariya cikin hunturu akirilik ya yi daidai. A Legas, in dai babba ce za ta sa ta yi zirga-zirga, auduga ce. Ni har jariran da ake naɗewa cikin kayan ulu ranar suna a watan Maris nake tausayawa, ko da yake na san ado ne da al'ada, kuma Hajiya da kanta takan ce wa uwayen a cire da zarar an gama ɗaukar hoto.

Na shiga jirgin ƙasan nan na jan layi da aka buɗe a 2024, wanda ke tasowa daga Agbado ya bi ta Agege da Ikeja da Oshodi har Oyingbo, na sauka a Yaba, na bi shagunan masu kayan ɗinki na kewayen kasuwar Tejuosho. Wata Mama Bayarabiya na samu, shagonta cike da zare har rufi, kuma tana jin Hausa daidai gwargwado. Da na ce auduga zalla nake so sai ta dube ni ta ce, "Hajiya, wannan da tsada fa," ta hau kujera ta sauko da wata leda daga can sama. Ta zauna ta nuna min yadda ake karanta takardar da aka naɗe kowane dunƙule da ita, abin da da can ban taɓa tsayawa dubawa ba. Akwai nauyi, nawa giram 50 ne. Akwai tsawo, mita 125. Akwai abin da aka yi zaren da shi, auduga 100 bisa 100. Akwai lambar kauri, wadda ke tashi daga 0, mafi siranta, zuwa 7, mafi kauri. Nawa 2 ne, kuma rigar zafi 2 ko 3 take so, 4 ya yi nauyi. Sai wata lamba ƙarama ta tukunyar rini. Dunƙule biyu suna iya zama launi ɗaya a suna, amma in ba tare aka rina su ba, ranar da kika fita rana za ki ga layi ya raba bayan rigarki gida biyu. Saboda haka ake sayen zaren riga gaba ɗaya rana ɗaya, a duba lambar nan a kan kowanne. Na ɗauki dunƙule 10, mita 1,250 ke nan.

Akwai wani zare mai laushi da 'yan mata masu saƙa ke yawan saye yanzu, wanda ake kira milki kotin. Da yawansa gauraye ne da roba, sai a karanta takardar da kyau. In babu takarda, ashana na raba gardama: ki yanki ɗan guntu ki kunna masa wuta a kan faranti. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, ƙaurinta ma irin na takarda ne, ta bar toka mai laushi da ke murƙushewa a yatsa. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta zama baƙin ƙulli mai tauri, da wari mai hawa kai. Da na koma gida na gwada nawa, toka ce ta fito.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai a shagon. Takardar zaren ta nuna daga Turkiyya aka kawo shi, na kusa da shi daga Sin. Ni da na tashi ina ganin motoci shaƙe da auduga suna fitowa daga Funtuwa da Gusau, kakata kuma har ta rasu ba ta rabu da mazarinta ba: ta gurje, ta shiɓe, ta kaɗa abawa da arafiya ta kai kasuwa. An buɗe masaƙar Kaduna tun 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da nan Legas, yau galibinsu a rufe. Ga ni 'yar ƙasar auduga ina sayen zaren auduga da ya ƙetaro teku. Abin da ciwo.

Launi na zaɓi ruwan toka mai haske. Fari ba zai jure wa kujerar danfo, motar hayar Legas, ba, baƙi da shuɗi mai duhu kuwa mai koyo ba ta ganin idon saƙa a cikinsu, balle in an ɗauke wuta ana aiki da fitila mai caji. Kwarashi na sayi biyu, mai milimita 3.5 da mai 4, na alminiyom, don Hajiya ta gargaɗe ni cewa ƙananan na ƙarfe suna tsatsa a iskar Legas su ɓata zare. Na haɗa da tef ɗin awo irin na tela, da basillar roba marar tsini.

Ina ɗokin in fara bayan riga, Hajiya ta ce a'a, sai an yi ɗan gwaji tukuna. "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta," in ji ta. Gwajin shi ne ki saƙa ɗan ƙyalle da ya ɗara santimita 10 ta kowane gefe, da zaren da kwarashin da salon da za ki yi rigar da su, ki wanke shi, ki shanya, sannan ki ɗora tef ki ƙirga. Dalili shi ne hannu ba ɗaya ba ne. Mata biyu su ɗauki zare ɗaya da kwarashi ɗaya, ta wannan ta fito a matse, ta waccan a sake. Auduga kuma halinta na canzawa in ta sha ruwa. Takardar zaren kwarashi ƙarami ta ba da shawara, amma ƙyallen da na yi da mai 3.5 ya fito da tauri, in na ɗaga shi sai ya tsaya ƙyam. Na mai 4 kuwa da na ɗora a bayan hannuna sai ya kwanta ya zubo ta gefe. Hajiya ta murza shi tsakanin yatsu, ta ɗaga ta leƙa ta cikin idanunsa, ta ce wannan ne riga.

Salon da ta zaɓar min mai sauƙi ne ƙwarai. Tushensa saƙa doguwa, wadda masu saƙa ke ce wa dabul: ki naɗa zare a kan kwarashi, ki zura cikin ido, ki jawo zare, zarge uku ke nan a kan kwarashin, ki naɗa ki zare ta cikin biyu, ki sake naɗawa ki zare ta cikin biyun da suka rage. Sai a yi doguwa ɗaya, sarƙa ɗaya, doguwa ɗaya, duk a ido guda, su fito kamar yatsu biyu a ware, siffar harafin V. A tsallake ido biyu, a sake yin wani. A layi na gaba ba sai kin tsaya laluben kan saƙa ba, cikin ramin da ke tsakiyar V na ƙasa kawai za ki zura. Wannan ne ya sa salon ya dace da mai koyo, ramin a buɗe yake, ko da hasken ya yi ƙasa yatsa na jin sa. Kuma saƙar kwarashi in aka yi ta a cike ta fi ta kibiya, wadda ake yi da tsinke biyu, kauri da cin zare, don haka ramukan nan su ne ke sa rigar ta yi shara-shara. Ga wadda ke koyo ta bidiyon YouTube, a kula da bakin mai koyarwar: abin da 'yan Amurka ke kira dabul, mutanen Ingila tirebul suke ce masa, dabul ɗinsu kuwa shi ne gajerar da Amurkawa ke kira singil. A dubi hannun, a ƙirga sau nawa aka naɗa zare.

A ƙyallena V shida ne suka cika santimita 10 a faɗi, layi tara a tsawo. Daga nan sauran lissafi ne da ɗan firamare zai yi. Ƙirjina santimita 100 ne. Riga irin wannan ba a so ta kama jiki, a kan wata rigar ake ɗora ta, sai muka ƙara 10, ya zama 110. Rabinsa, 55, shi ne faɗin baya, V 33 ke nan. Kowane V yana cin ido uku, a ƙara biyu na gefe, ido 101. Tsawo daga kafaɗa zuwa ƙasan ƙugu 60, layi 54. Gaba biyu, kowanne V 13, wajen santimita 22, wanda ya bar V bakwai a tsakiyar baya don wuya. Hannu kowanne V 24, faɗin 40, tsawo 42, tunda kafaɗar irin wannan riga saukowa take ta ci wani ɓangare na damtse. Hajiya ba ta rubuta ko ɗaya, a ka take riƙe lissafinta, ni dai na rubuta a bayan wani tsohon littafin makarantar yara. Da na dubi zanen sai hankalina ya kwanta: ƙyalle biyar ne masu kusurwa huɗu, babu ragi, babu ƙari, babu lanƙwasar hammata ko ta wuya. Duk wadda ta iya saƙa shawul ta iya wannan.

Na ja sarƙa 102, a sake, don sarƙar farko in ta matse ƙasan rigar zai tsuke ya fi sama ƙanƙanta. Na bi ta da layi ɗaya na gajera, ido 101, ya zama gindi mai ƙwari. Sannan sarƙa uku a madadin doguwar farko, tsallake ɗaya, V, tsallake biyu, V, har ƙarshe, a rufe da doguwa ɗaya. Wurin da Hajiya ta fi sa min ido shi ne ƙarshen layi. Doguwar ƙarshe a kan sarƙa ta uku ta layin ƙasa take sauka, kuma wurin yakan ɓuya, sai mai koyo ta tsallake shi ba ta sani ba, ƙyalle ya yi ta tsukewa yana hawa. Ta yanko guntun jan ulu ta zura a kan sarƙar, ta ce duk juyi in mayar da shi sabon wuri har idona ya saba. Ta ce kuma in riƙa ƙirga V ɗina bayan 'yan layuka, in sun cika 33 in ci gaba. Kwarashi yana da wani rangwame da kibiya ba ta da shi: zarge ɗaya tak ke raye a kowane lokaci, in an ga inda ya karkace sai a zare kwarashin a ja zare ya warware har wurin, a mayar a ci gaba.

Layukan farko sun ba ni wuya, ba don salon ba, don zaren. Auduga ba ta miƙewa ta dawo kamar ulu, ba ta bin hannu, hannu ne ke bin ta. Silin da aka murɗa aka yi zaren kuma yakan rabu a bakin kwarashi in an soka a karkace, sai ki ga kin kamo rabi kin bar rabi. Ga gumi. Da rana zaren kan manne a yatsa ya ƙi tafiya, saƙar ta fara matsewa ba ki sani ba. Na kai wa Hajiya kuka, ta yi murmushi ta jawo gwangwanin hoda, ta zuba kaɗan a murfi ta ajiye kusa da ni, ta ce in riƙa dangwala yatsa. Nan take na tuna kakata da allinta a gefen taskira, tana dangwalawa kafin ta murza mazari. Na kuma koyi wanke hannu da ruwan sanyi kafin in zauna, da ajiye zaren cikin leda a cikin jaka don kada ya yi birgima a ƙasa ya kwashi ƙura.

Yadda ake riƙe zaren a hannun hagu shi ne abin da ba a iya koya wa mutum da baki. Na zauna na kalli nata: zaren ya zagaya ƙaramin yatsa, ya bi ta ƙarƙashin na tsakiya biyu, ya hau kan manuni, babban yatsa da na tsakiya suna riƙe da saƙar dab da inda kwarashi ke aiki. Manunin nata yana ɗagawa yana sauka kaɗan-kaɗan, shi ke ba da zare gwargwadon buƙata, ita kuwa tana hira da jikokinta ko kallon hannun ba ta yi. Nawa da farko sandarewa yake, wuyan hannuna ya yi tsami. Ta ce in ya fara tsami in ajiye, in miƙe yatsu, in tashi in yi wani aikin, gobe ma rana ce. Wajen tsakiyar baya na lura na daina kallon kowane ido, V ɗin kuma sun fara fitowa kai ɗaya.

Yawancin rigar bayan sallar isha'i na saƙa ta, in yara sun kwanta, wani lokaci da wutar lantarki, wani lokaci da fitila a kan hannun kujera da ƙarar janareton maƙwabta. A BRT ma in na sami kujera aka shiga goslo nakan ci layi biyu ko uku. A danfo ban gwada ba, gwiwar hannu ba ta da wurin motsi. Baya ne ya fi cin rai saboda faɗinsa. Gaba biyu suka zo da sauri, sai dai a tabbata layinsu ya yi daidai da na baya, 54 cif, da ƙirge ba da tef ba, don ƙyallen da ba a wanke ba yana yaudarar tef. Duk lokacin da dunƙule ya kusa ƙarewa nakan sa sabo a bakin layi, in bar jela mai tsawon kamar santimita 15 a kowanne, don in an zo haɗi su ɓuya cikin ɗinki.

A hannu na yi wani ɗan tunani nawa. Ƙyalle mai faɗin 40 ya yi wa damtse daidai, amma a wuyan hannu zai yi lilo ya shiga miya. Sai na yi layi ɗaya na gajera ina haɗa ido biyu su zama ɗaya, bakin ya tattaru, na bi shi da 'yan layuka a miƙe. Ban matse shi sosai ba, na auna yadda zai haye gwiwar hannu in na ja shi sama, saboda alwala. A ofis azahar da la'asar ke riskata, ba na son sai na tuɓe riga duk lokacin da zan yi alwala. Da na gwada wa Hajiya ta ce ita ma daga yanzu haka za ta riƙa yi wa na manyan yara.

Ranar haɗi a tsakar ɗakinta muka shimfiɗa tabarma. Muka kwantar da baya, muka ɗora gaba biyu a kansa fuska da fuska, na ɗinke kafaɗu da basilla da zaren rigar, V 13 a kowane gefe. Muka buɗe ya kwanta a miƙe, muka ninka kowane hannu biyu don gano tsakiyarsa, muka daidaita tsakiyar da ɗinkin kafaɗa, santimita 20 gaba, 20 baya, muka kama da fil. Bayan an ɗinke hannuwan sai aka ninka rigar, ɗinki ɗaya ya taso daga wuyan hannu ya bi ta hammata ya sauka har ƙasa. "Kada ki ja zaren kamar mai ɗaure buhu," in ji Hajiya, "ki bar ɗinkin ya yi numfashi daidai da saƙar." In aka ja da ƙarfi gefen zai tattare, rigar ta ɗage ta hammata.

Saura baki. Da kwarashi mai 3.5 na faro daga ƙasan gaba na dama, na hau, na zagaya bayan wuya, na sauka ta hagu, gajera biyu a gefen kowane layi. Ƙaramin kwarashin shi ke hana bakin yin fiffike. Na yi ta kai da komo har faɗinsa ya kai santimita huɗu. Ban sa maɓalli ba, a buɗe nake son ta. Sai ɓoye jelar zare, aikin da ba wanda ke so amma shi ke hana riga warwarewa a wanki. Auduga tana da santsi, ƙulli kaɗai ba ya riƙe ta; a zura jelar a basilla, a bi da ita ta cikin gindin saƙa kamar tsawon ɗan yatsa, a juyo a dawo ta wata hanyar, sannan a yanke.

Da na fara sa ta a gaban madubi ta ɗan yi tauri, ɗinkin kafaɗa a miƙe tsaye. Wanki ne ya gyara. Na jiƙa ta cikin ruwan sanyi da ɗan sabulu mai laushi, na matsa a hankali ba murɗawa, na naɗe ta cikin tawul na danne ruwan ya fita, na shimfiɗa ta a kan busasshen tawul a ƙasa, na ja nan na tura can da tef a hannu har baya ya koma 55 da 60. Ba a rataya jiƙaƙƙiyar saƙar auduga a igiya, nauyin ruwan zai ja ta ta yi tsawo, kuma ba za ta koma ba. Da yake damina ce na kunna mata fanka ina juya ta, don a iskar Legas kaya mai kauri in ya kwana biyu a jiƙe fumfuna ke kama shi. Da ta bushe idanun sun buɗe sun daidaita, ta yi laushi, tana zubowa daga kafaɗa yadda ƙyallen gwaji ya nuna. Dunƙule tara ta ci, nauyinta bai kai rabin kilo ba. Ramukan V ƙanana ne, daga ɗan nesa launin rigar kawai ake gani, in na yafa mayafi a kai shi ke nan. Ajiyarta ma a ninke take cikin akwati, ba a kan hanga ba, saboda dalilin nan na nauyi.

Matan layinmu sun yi ta tambaya ko zan saƙa musu, nawa ne. Wannan tambaya tana da nauyi, don har yau babu injin masana'anta da ke yin saƙar kwarashi irin ta hannu. Duk rigar kwarashi ta gaske da kika gani, wata ce ta zauna ta yi ta ido bayan ido. In aka haɗa kuɗin auduga da daren da aka raba, farashin zai fi na gwanjo ninki ba ninki, kuma ina ganin bai kamata mai saƙa ta ji kunyar faɗinsa ba. Hajiya ta daɗe tana sayar da kayanta a kan abin da bai fi kuɗin zare da ɗan na cefane ba, na kuwa gaya mata haka, ta ce jama'ar unguwa ne, ina za ta kai su. Ni dai abin da na ce wa masu tambaya shi ne su sayo zare da kwarashi su zo ranar Asabar bayan la'asar, a zauna a ƙofar Hajiya. Biyu sun fara zuwa, ɗaya tana kan sarƙa, ɗayar ta kai ga ƙyallen gwaji. Nata V biyar da rabi ya ba ta a santimita 10, hannunta ya fi nawa sakewa, ƙirjinta kuma 92 ne. Da muka ƙara 10 muka raba biyu, bayanta ya zama 51, V 28, sarƙa 87 za ta ja.